Ƙafar Zuma da Ƙafar Faci

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na manta da su, sai wani ya tuna mini in ce ashe haka aka yi. Amma wannan da zan ba ku labari, ko tsufa ya kwashe mini komai na san shi zai rage, da shi za a kai ni kushewa. A kan ƙafafun ɗiyata ta fari abin ya faru, a gidan hayar da muke zaune a unguwar Bobiel cikin Yamai, shekaru kaɗan da suka wuce. Na daɗe ina son in rubuta shi ina jin nauyi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi riƙe bik, wato alƙalami, don haka zan faɗe shi yadda ya zo mini, ku yi haƙuri da ni.

Sai na fara gaya muku yadda muke da ita, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. A garinmu, can wajen Dogon Dutsi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, haka muka tarar, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ake yabo. Ana yaye yarinyar uwata ta ɗauke ta, ita ta goye ta, ita ta raine ta. Mu kuwa muka taho Yamai, maigidana ya kama tuƙin taksi, na haifi sauran ƴaƴana a nan. Sai da uwata ta rasu sannan aka kawo mini ita, tana da shekara goma sha shida. Kakarta take ce wa Inna, ni kuwa Yaya take ce mini. Ni ma in zan kira ta sai in ce “ke”, in zan yi maganarta in ce “ƴar Inna”. Muna gida ɗaya, muna gaisawa da ladabi kamar baƙi biyu da suka haɗu a gidan suna. Allah ya sani ina son ta, amma son yana can ƙasa kamar garwashi cikin toka, ba mai ganinsa, har ita.

Da amosanin jini aka haife ta, wanda a nan muke ce wa emasi. Siririya ce, idonta ba ya rabuwa da rawaya, in ciwon gaɓɓai ya taso sai ta kwana uku ba ta miƙe ba. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta yiwu mata ba saboda yawan kwanciya. Da ta zo, ubanta ya samo mata wuri wajen wani dattijon tela a unguwar Maourey, mutumin Damagaram. Nan Allah ya buɗe mata. Cikin shekara biyu tela ya ba ta keken ɗinki nata na kanta a shagon, irin na ƙafa, wanda ake takawa. Yarinyar da ba ta magana sai ga ta tana dawowa gida tana ba ƙannenta labarin matan da suka zo awo. Wannan keken shi ne abu na farko da ta samu a duniya wanda ba tausayi ne ya ba ta ba. Kuma da ƙafa ake tuƙa shi.

Mikin ya fara ne a idon sawun hagu, ƙarfen keken ne ya ɗan ƙwarzane ta, bai kai ƙwayar wake ba. Ba mu ɗauke shi komai ba. Wata biyu bai rufe ba, sai faɗi yake, ga wani ya fito a idon sawun dama. Ba abin da ba a sa ba. An barbaɗa garin kafso na masu yawo da magani a ka, an sa garin bagaruwa, an shafa shuɗin maganin nan har ƙafar ta rine. Sai ya yi ɓawo mu ce alhamdu lillahi, kwana biyu ɓawon ya ɗaga a ga rami a ƙasa. Da aka kai wata bakwai ba mai ce masa miki, gyambo ake cewa. Ta kasa taka keke. Tela ya aiko ubanta da magana mai kyau, ya ce ta zauna gida ta yi jinya, zai riƙe mata kekenta har saura wata ɗaya Sallar Layya. In lokacin ya yi ba ta dawo ba, aiki zai yi masa yawa, ba zai iya barin keke a rufe ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Muka lissafa, wata biyu da rabi ke gabanmu.

Ranar da ubanta ya kai ta likitar unguwa, wato ƙaramin asibitinmu, ban bi su ba. Uwa ba ta rakiyar ƴar fari, me za a ce? Na tsaya gida ina tankaɗe, zuciyata tana can. Wannan rashin zuwan nawa shi ne mafarin komai, amma a ranar gani nake na yi abin da ya dace.

Suka dawo da azahar. Maigida ya ajiye wani ɗan kwali a kan tabarma, yana share gumi. Ya ce majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, ta wanke mikin duka biyu, ta ce akwai wani abin rufe miki na zamani a farmasi, amma da ya ji kuɗinsa sai ya ga kwali ɗaya kawai zai iya. Sai majo ta ce ba komai, a sa shi a ƙafar hagu da ta fi zurfi, ta dama kuma a riƙa sa mata zuma mai kyau da kwampires, farin ƙyallen nan na rufe miki, za ta riƙa duba su duk Litinin. Ya ciro guda daga kwalin ya nuna mini. Wani abu ne mai laushi, faɗin tafin hannu, launin shayi da madara.

“Kin gan shi,” in ji shi, “facin taya ne sak. Sai dai ya fi tayar tsada.”

Muka yi dariya, sunan kuma ya bi shi. Daga ranar muna da ƙafar faci da ƙafar zuma. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan, ya sha ruwa ya koma bakin aiki. Akwai takarda a cikin kwalin, na buɗe ta na ga Faransanci ne, ni kuwa Hausa kaɗai aka koya mana. Na ninke na mayar. Yarinyar tana zaune a gabana, ita ce ta ji bayanin majo da kunnenta, amma ban tambaye ta ba. Ban saba tambayarta komai ba.

Lokacin bazara ne, zafin Yamai na sosai, wanda ko ruwan randa ɗumi yake yi. Kwana biyu da sa facin, da hantsi, yara sun tafi lakwal, gidan ya rage daga ni sai ita. Tana kishingiɗe a rumfa ta ɗora ƙafafun a kan matashi. Na zo wucewa sai na ji wani ɗan wari. Na duba, sai na ga tsakiyar facin ya kumbura ya yi fari, wani abu rawaya-rawaya mai kauri yana tsattsafowa ta gefe. Na ce a raina mugunya ce ta taru, an toshe ta ba ta da hanyar fita. Ni tun ina yarinya abin da na sani, miki sai an matse mugunyarsa, ya sha iska, ya bushe. Na tsaya a kanta ina ta saƙe-saƙe. Can na leƙa ƙofa na ga ba kowa, na ɗora ruwa a wuta, na dawo na durƙusa.

Na ce, “Ke, miƙo ƙafar.”

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na kama diddigenta na ɗora a cinyata. Ta buɗe baki, “Yaya, ai...” sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Wannan shirun nata sai daga baya ya dawo mini. A lokacin cewa na yi kunyata take ji.

Na ɓare facin. Na zuba gishiri da ɗigon jabel, ruwan nan mai faranta wanki, a ruwan ɗumi, na sa tsumma mai tsabta na goge mikin, na goge, har sai da rawayan nan ya fita tas, wurin ya yi ja yana fitar da jini. Na ce yauwa, ga jini mai kyau. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, hawaye na zuba, amma ko uhum ba ta ce ba. Na bar ƙafar a buɗe ina kore mata ƙuda da mafici har wurin ya bushe ƙayau. Facin kuwa, abin da ubanta ya sha rana ya sayo, yaya za a yi in jefar bayan kwana biyu? Na wanke shi da sabulu, na shanya a faifai na rufe da rariya. Da ya bushe ya ƙi mannewa, sai na ɗora shi a kan mikin na naɗe da bandi. Na ce, “Sannu.” Ta ce, “Yauwa, Yaya.”

Daga ranar ya zama aikina. Kullum da hantsi in gida ya yi shiru sai in ɗora ruwa. Kafin in fito sai in tarar ta gyara zama, ta janye zane daga ƙafar tana jirana. Ba ma hira. Wani lokaci bayan na gama sai in bar ƙafar a cinyata in ce ina jiran ta bushe, ina fifita, ina kallon ƴan yatsunta. Irin na uwata ne, babban ya ɗan karkace. Ban taɓa lura ba sai a lokacin. Ran Lahadi da yamma sai ta ce, “Gobe likita, bari in sa sabo,” ta ciro daga kwali ta manna. Tsofaffin kuwa ina tara su cikin wani ƙyalle, wankakku.

Ƙafar zuma ban ko kula ta ba. Da la'asar ita da kanta take yi, yadda majo ta nuna mata: ta wanke hannu da sabulu, ta zuba sirom, ruwan wankin miki na asibiti, a kan mikin a hankali ba gugawa, ta shafa zuma a kwampires ta rufe, ta naɗe. Zumar ƙanena ne ya kawo daga ƙauye, tatacciya. Damuwarmu da ita ɗaya ce, kiyashi, har sai da muka sa ƙafafun gadonta cikin gwangwanayen ruwa. A zuciyata na raina ta. Gani nake abin da aka samu a araha ba ya buƙatar tsaro, mai tsadar shi ne abin lura.

Majo tana da wata dabara. Duk Litinin sai ta ɗora farar leda mai tsabta a kan kowane miki, ta zagaye bakinsa da alƙalami, ta rubuta ranar. Maigida yakan dawo da ledojin. In aka ɗora na wannan mako a kan na wancan, ko wanda bai yi karatu ba zai gani. Na dama yana tsukewa, zobe cikin zobe. Na hagu kuwa kowane mako sai ya haura layin baya.

Nan fa magana ta tashi. Muna da wata maƙwabciya mai sayar da dambu, bakinta ba ya gajiya. Ta ɗaga ledojin a rana ta duba, ta tafa hannu.

“Ba na faɗa ba? Ku dai da son kayan Nasara! Ga abin da Allah ya saukar da waraka a cikinsa, kun je kun sayo roba kun manna wa yarinya. Malam, da ka ba ni kuɗin na ƙara jari, da ko dambu ka ci.”

Na ga maganar ta ci maigida. Kafin mako ya zagayo, rabin layinmu sun ji cewa an gwada a gidanmu, ƙafa da ƙafa, a jikin mutum ɗaya, zuma ta kayar da maganin farmasi. Har wata mata ta zo daga unguwar Dar es Salam, mijinta mai ciwon suga ne, an rubuta masa irin facin, ta ce ta ji labari shi ya sa ba ta saya ba. Gwajin kamar ba shi da ƙura: jini ɗaya, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya. Ba wanda ya san akwai hannu na uku a ciki. Ni ma da nake da hannun ban sani ba. Cewa nake ba don wankin da nake yi ba da ƙafar ta ruɓe. Sai ma na ƙara, na koma safe da yamma.

Litinin ta uku maigida ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya kira ni ɗaki ya ce majo ta ce mikin hagu ya kusa ƙashi. In mako mai zuwa bai juya ba za ta tura su babban asibiti, kuma in ya taɓa ƙashi magana ta zama wata. Ta kuma ce akwai abin da ba ta gane ba, tana son ganin wanda yake yini da yarinyar a gida.

“Gobe ke za ki,” in ji shi.

Na ce, “Malam, ni? In raka ta? Me mutane za su ce?”

“Su faɗi abin da za su faɗa. Ƙafa ce fa.”

Washegari ya sauke mu a ƙofar likita ya wuce. Na ɗauko ƙyallen nan na wankakkun faci na sa a jaka. Wallahi da alfahari na ɗauko shi. Na ce bari ta ga ba a gidan sakaci yarinyar take ba.

Majo Bazabarma ce, doguwa mai jiki, da tabarau a kan hanci, Hausarta irin ta kasuwa, tana fita da sauri. Ta gaishe ni da Zabarmanci, ta ce, “Fofo, Madam, ke ce uwar?” Ban taɓa amsa wannan tambayar a gaban yarinyar ba. Na gyaɗa kai. Ta zaunar da ita a kan gado ta buɗe ƙafar hagu, ta ce in matso.

“Duba nan. Mikin da aka rufe da wannan abu, in na buɗe, laushi nake gani da danshi. Wannan a bushe yake, bakinsa a ƙwarzane, kamar an kankare tukunya. Kuma duk Litinin abin da nake cirewa sabo ne fil, bai fi kwana ɗaya ba. Gaya mini, tun daga safe me ake yi a gidanku?”

Sai na kwance ƙyallen a kan teburinta. Na jera su. Sun ƙanƙance, sun yi tauri kamar ganda.

Na ce, “Ga su nan, ko ɗaya ban yar ba. Kullum sai na wanke.”

Ta ɗaga guda da yatsu biyu ta juya shi. “Wanke shi kike yi?”

“Da sabulu.”

“Mikin fa?”

“Shi ma. Da gishiri da ɗan jabel, sai mugunyar ta fita ya yi ja.”

Ta ajiye shi a hankali. Ta jawo kujera ta zauna. Na zaci za ta yi faɗa, don na ji yadda take daka wa wani tsawa kafin mu shiga. Amma murya ƙasa-ƙasa ta ce, “Madam, kin taɓa noma?” Na ce a gona na girma. Ta ce, “In gero ya tsiro kwana biyu, kina zuwa da hauya kullum ki tone ki ga ko ya yi saiwa?”

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Rawayan da nake gani ba mugunya ba ce, jikin facin ne yake narkewa da ruwan mikin, aikinsa ke nan, warin ma nasa ne. A ƙarƙashin wannan danshin sabon nama yake tsirowa, siriri kamar yanar madara. Abin da ya tsiro da dare, ni nake goge shi da safe, jabel kuma ya ƙone saura. Ta ce da facin da zumar aiki ɗaya suke yi, su rufe miki su riƙe masa danshi, su bar shi ya yi ginin kansa. Facin ana barinsa kwana uku ko huɗu, in an cire an jefar ke nan. Mugunyar gaske kuwa da zazzaɓi take zuwa, da kumburi, da zafin da yake ƙaruwa, in an ga haka a rugo wurinta.

Ina tsaye ina jin ta kamar daga nesa. Mako uku. Da hannuna.

Sai ta juya wajen yarinyar, nan ne muryarta ta tashi. “Ke kuma fa? Da bakina na gaya miki, sau uku, kada a taɓa shi sai ranar Alhamis. Kin ji ko ba ki ji ba?”

“Na ji.”

“Kina gani mikin yana girma?”

“Ina gani.”

“To me ya kama bakinki? Ƙafarki ce ko ta aro?”

Ta shiga murza bakin mayafi. Majo ta ce ba inda za mu sai ta faɗa. Can ta yi magana, ba ta dubi kowa ba, da ƙyar ake jin ta.

“Ban taɓa sanin hannunta ba sai a kan ƙafar nan. Na ga in na faɗa, za ta bari.”

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Na sha jin zafi a duniya, na binne uwa, na binne jariri, amma ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba. Yarinya ta zaɓi a kankare mata nama kullum da ruwan jabel, tana kallon kekenta yana nisa, don dai uwarta ta riƙe mata diddige. Na nemi wurin zama ban samu ba, sai na durƙusa a ƙasa na rufe fuska da mayafi.

Majo ta cire tabarau ta goge. Sannan ta dafa kafaɗata ta ce, “Kala suru,” wato sai haƙuri da yarensu. “Tashi, Madam. Hannunki ba mugu ba ne, wurin aiki ne bai samu ba. Zo in ba shi.” Ta kai ni famfo ta sa na wanke hannu har gwiwa. Ta buɗe ƙafar dama, ta riƙe hannuna cikin nata, ta nuna mini yadda ake zuba sirom ba a gugawa, yadda ake shimfiɗa zuma, yadda ake naɗe bandi daga yatsu zuwa sama ba a matse ba. “Daga yau ƙafar zuma taki ce, kullum da safe. Ke yarinya, kin huta. Ta faci kuwa, wanda ya taɓa kafin kwanansa, ni da shi.”

Da yamma na gaya wa maigida komai, ban rage ba. Ya ce, “Ni ma da na tsaya na yi miki bayani.” Na je na gaya wa mai dambu. Ta ce, “Oho dai, ni na san zuma ce gaba.” Ita ba a kayar da ita. Matar Dar es Salam kuwa sai da na nemi gidanta na je da ƙafata, na ce ta koma wurin likitan mijinta, kada ta ɗora lafiyarsa a kan labarin gidanmu.

Sai a lokacin aka fara gwajin gaskiya. Mako biyu, zoben hagu ya tsaya, na uku ya fara shiga ciki. Da idona na ga kowanne da halinsa. Faci ba ya son damu, ba a wahalar da mai ciwo da buɗewa kullum, sai dai zafin Yamai yana sa shi ɗagawa kafin kwanansa, ga tsada. Zuma tana da raɗaɗi in an sa, tana son hannu mai tsabta kowace rana, kuma sai an tabbata ba a haɗa ta da ruwan sukari ba, amma mai ƙaramin ƙarfi zai iya jure ta wata da watanni. A kan leda dai tafiyarsu kusan ɗaya. Da kwalin ya ƙare maigida ya ce zai san yadda zai yi ya sayo wani. Majo ta ce a'a, yanzu mikin ya yi sama, a mayar da shi kan zuma, abin da za a kashe a farmasi a saya mata hanta da wake da zogale, ta kuma riƙa ɗaga ƙafar. Ta ce ba kowane miki ne ake yi wa haka ba, shi ya sa ake kawowa a duba.

Ƙashi ya tsira, ba a kai mu babban asibiti ba. Ƙafar dama ta rufe saura kwana kaɗan wa'adin tela. Da ta hagu ta bi ta tun farko, da ta koma kan kekenta. Amma mako ukun da na ci mata ba su dawo ba. Tela ya zo da kansa wata ranar Juma'a bayan masallaci, ya zauna a rumfa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Ya ba wata keken. Yarinyar ta ce, “Ba komai, Baba, Allah ya saka da alheri.” Da ya fita ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na tsaya a tsakar gida da muciya a hannu. Ba lokacin wankin miki ba ne, ba ni da wata hujjar shiga. Na ajiye muciyar na shiga. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, kafaɗunta na rawa. Na zauna a bakin gado, na kira sunanta. Sunan da aka raɗa mata shekara goma sha tara da suka wuce, ban taɓa furta shi ba sai ranar, har ya yi mini baƙo a baki. Na ce ta yafe mini. Ba ta juyo ba, sai ta laluba ta kama hannuna ta riƙe. Tuwon ranar ya kama a tukunya, ba wanda ya yi magana.

Ƙafar hagu sai da ta ƙara wata uku kafin ta rufe, ta bar tabo mai faɗi, idon sawun kuma ya ɗan sandare, ba ya jure taka keke. Yanzu keken hannu take da shi a zauren gida, tana ɗinkin kayan yara, matan unguwa suna kawo mata. Ba ta kai inda za ta kai a Maourey ba, ni na sani, ita ma ta sani, ba ta taɓa faɗa ba. Mikin ya sake buɗewa sau ɗaya da damina, amma ranar ni na riga ta shiga taksi, na zauna a gaban majo na ce ta maimaita mini sau biyu. Har yau Yaya take ce mini, ni ma a gaban mutane ƴar Inna nake cewa. Sai dai kullum bayan la'asar nakan ɗora ƙafafunta a cinyata in shafa musu man kaɗe don kada fatar ta tsage, muna hira, ko da wa ke gidan.

Ledojin nan suna cikin littafina na yaƙi da jahilci, nakan ɗora su in duba. Sun koya mini kada in yi saurin cewa wannan magani ya fi wancan, sai na tambayi hannun da ya sa shi da yadda aka bi da shi, don mai tsada da mai araha duk suna iya lalacewa a hannun mai ƙauna in bai tambaya ba. Ban ce a zubar da kunya ba, ado ce, da ita aka raine mu. Amma in ta hana uwa zuwa ta ji bayanin likita, ta sa ɗiya sayen hannun uwarta da naman jikinta, to ta wuce gona da iri. Uwar da take da ɗan fari, ta riƙe shi tun yana lafiya, kada ta jira sai miki ya ba ta izini.